Yadda alƙaluman gas ɗin da ke ajiye a ƙarƙashin ƙasa ke juya kasuwar duniya

A kowace ranar Alhamis da ƙarfe 10:30 na safe agogon Washington, Hukumar Tattara Bayanan Makamashi ta Amurka, wato EIA, kan fitar da wani gajeren rahoto da ke bayyana yawan iskar gas ɗin da ke jibge a rumbunan ƙarƙashin ƙasa a faɗin ƙasar. Cikin 'yan daƙiƙoƙi da fitowarsa farashin gas kan tashi ko ya faɗi a kasuwar New York. Rahoton ɗanyen mai kuwa ranar Laraba yake fita.

Dalilin ajiyar a fili yake. Ana haƙo gas babu yankewa duk shekara, amma buƙatarsa kan ƙaru matuƙa da hunturu saboda ɗumama gidaje. Don haka daga Afrilu zuwa Oktoba akan tura rarar cikin ƙasa, daga Nuwamba zuwa Maris kuma a riƙa jawo ta. Rumbunan iri uku ne: tsofaffin rijiyoyin mai da gas da suka ƙafe, da duwatsu masu riƙe ruwa a can ƙasa, da koguna da ake fafewa a cikin dutsen gishiri ta hanyar narkar da shi da ruwa. Amurka na da kimanin 400 daga cikinsu.

Tun da babu mai iya leƙa waɗannan rumbuna da idonsa, rahoto ne kaɗai madogara. An kafa EIA a 1977, bayan wahalar man da ta biyo bayan takunkumin ƙasashen Larabawa na 1973, kuma doka ta ba ta damar wallafa alƙalumanta ba tare da neman amincewar wani jami'in gwamnati ba. A 2002 ta karɓi rahoton gas na mako-mako daga hannun ƙungiyar kamfanonin gas ta ƙasar. Wajibi ne kamfanonin da aka zaɓa su miƙa bayanansu, sannan a kwatanta jimillar da ta bara da kuma matsakaicin shekara biyar. Ana sakin rahoton ga kowa a lokaci guda, domin wanda ya riga wasu sani zai iya cin ƙazamar riba.

Sai dai wallafa alƙaluma kaɗai ba ya magani, kamar yadda Turai ta gani. Tun a 2021 shafin da masu rumbunan gas na nahiyar ke sabuntawa kullum ya nuna cewa rumbunan da ke hannun kamfanin Gazprom na Rasha ba a cika su ba, ciki har da na Rehden, mafi girma a Jamus. Bayanin na nan a bainar jama'a, amma gwamnatoci ba su ɗauki mataki da wuri ba. Da Rasha ta mamaye Yukren a Fabrairun 2022, sai aka shiga rububin neman gas. A watan Yuni Tarayyar Turai ta kafa dokar cika rumbuna zuwa kashi 80 cikin 100 kafin 1 ga Nuwamba, da kashi 90 a shekarun da suka biyo baya.

Lamarin ya shafi Najeriya ta fuska biyu. Na farko, Turai na cikin manyan masu sayen gas ɗin da ake lodi a tsibirin Bonny, don haka cikar rumbunanta ko ƙarancinsu na tasiri a kan farashin. Na biyu, a kan ƙiyasin gangunan da ake haƙowa a kullum ake gina kasafin kuɗin tarayya. Hukumar NUPRC, wadda Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta kafa, kan wallafa adadin kowane wata, yayin da hukumar NEITI ke bin diddigin abin da kamfanoni suka biya da abin da gwamnati ta karɓa. Ita kuwa ƙungiyar OPEC jadawali biyu take bugawa a rahotonta na wata-wata: abin da ƙasa ta faɗa da bakinta, da abin da majiyoyi masu zaman kansu suka ƙiyasta. Giɓin da ke tsakanin biyun shi ne wurin da ya kamata 'yan majalisa da 'yan jarida su fara yin tambaya.