Ma'aunin Ruwa da Sharhin Manhaja: Tambaya Daga Mada

Duk almajirin da ya taɓa durƙusawa gaban malami a wani zaure na Mada ko Kwatarkwashi a Zamfara, ya ɗauki Ahalari ko Ishmawi, ya san cewa fuƙaha'u suna hukunta ruwa da sifofi uku, wato launi da ɗanɗano da ƙanshi. Wannan hukunci ya wadatar ga mai alwala. Amma a shekarar 2010, sa'ad da likitocin ƙungiyar MSF suka tarar yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, har adadinsu ya kai wajen 400, mutanen Zamfara suka gane cewa akwai guba, ita ce dalma, wadda ba ta jirkita ko ɗaya daga sifofin nan. Mafi yawanta a ƙurar niƙan duwatsun zinariya take, duk da haka sai da aka auna rijiyoyi da kududdufai, domin ido da harshe sun kasa bayar da shaida.

Sakamakon irin wannan awo, da na sandunan da ake kafawa a bakin kogi don sanin hawa da saukar ruwa, ana tara shi ne a rumbunan kwamfuta. A Nijeriya akwai hukumar NIHSA, wadda aka kafa a 2010, a Yamai akwai Hukumar Kogin Kwara, akwai kuma rumbun WPdx mai tattara bayanan rijiyoyi da famfunan ƙasashe da yawa. Manhaja ita ce ƙofar shiga waɗannan rumbuna, littafin bayaninta kuwa shi ne sharhi, kuma kowane ɗalibi ya san halin da mai matani ke shiga idan ba shi da sharhi ba shi da malami.

To, da me za a gwada sharhin? Ni dai da sunan gari zan fara. A ce ma'aikacin lafiya a Mada ya rubuta sunan garinsu yana neman wurin awo mafi kusa. Ba abin mamaki ba ne a kawo masa Kogin Mada na Jihar Nasarawa, wanda ke gangarawa Binuwai, alhali shi ruwan ƙasarsu wajen Kogin Sakkwato yake nufa, wanda ya taso daga yankin Funtuwa ya ratsa ta Gusau. Haka Tsafe, tsofaffin taswirorin Turawa Chafe suke rubuta ta, kuma duk awon da aka yi kafin 1996 yana ƙarƙashin sunan Jihar Sakkwato, tun da ba a ƙirƙiri Zamfara ba tukuna. Sharhin da ya amsa sunansa shi ne wanda ya hango wannan shubuha tun daga shafin farko, ya koya wa mai nema yadda zai bi lambar tasha, ko kwarin kogi, ko ya ja da'ira a kan taswira, ya kuma kawo misali guda cikakke daga tambaya har zuwa amsa.

Sai batun isnadi, kuma a nan zuciyata ta fi tsayawa. Malaman hadisi ba su karɓar magana sai sun san wa ya ruwaito ta, daga wa, kuma yaya amanarsa. Lambar da ta fito a allon waya ma haka ta cancanta a yi mata, a san wa ya ɗebi ruwan, a wane wata, da rani ne ko da damina, a wane ɗakin gwaji, kuma da wane sikeli. Hukumar Lafiya ta Duniya ta iyakance dalma a ruwan sha ga maikirogiram 10 a kowace lita, shi kuwa miligiram ɗaya daidai yake da maikirogiram 1,000, saboda haka idan sharhi bai bayyana sikelin da ginshiƙin lambobi ke nufi ba, rijiyar da ya kamata a rufe za a iya cewa ruwanta lafiya lau ne, kuma yara ne za su sha daga gare ta gobe da safe.

Akwai kuma mas'alar shiru. In manhaja ta ce ba ta sami kome ba, wajibi ne littafinta ya rarrabe tsakanin wurin da ba a taɓa aunawa ba, da tashar da ta daina aiki, da awon da aka yi ba a shigar ba, da wanda aka auna gubar ta gaza abin da na'ura ke iya ganowa. Mutanen Gusau da suka ga ɓallewar madatsar ruwansu a ƙarshen Satumba 2006 sun san cewa rashin labari daga kogi ba ya nufin kogin yana kwance.

Galibin waɗannan littattafai da Turanci ko Faransanci aka rubuta su, domin injiniyoyi. Amma mai unguwa da limami, waɗanda su za su tsaya bayan sallar Juma'a su ce wa jama'a a bar ɗiba daga rijiya kaza, da Hausa za su yi maganar, kuma abin da ma'aikacin lafiya ya iya fahimta daga sharhin, shi kaɗai zai iya miƙa musu.