Wuta Ba Ta Farfaɗo Da Maganaɗisu

Daga Sae Sabuwa zuwa Gidan Rumji, har Agye da Gazawa, akwai maganar da ta ƙi mutuwa a bakin wasu masu gyaran moto da janareto: wai idan maganaɗisu ya yi sanyi, a jefa shi cikin garwashi, ƙarfinsa zai dawo. Hujjarsu ita ce maƙeri ma da wuta yake ƙarfafa hauya. Abin haushi, mai moto ne ke biyan kuɗin wannan ɓarna.

Kowace ƙwayar zarra ta ƙarfe ɗan ƙaramin maganaɗisu ce. Ƙarfin jan yana samuwa ne idan suka fuskanci gefe guda, kamar masallata a sahu. Zafi kuwa girgiza su yake yi. A 1895 Pierre Curie ya nuna a Faransa cewa akwai matakin zafin da jan ke ɓacewa ɗungum. Na zallar ƙarfe digiri 770 ne. Baƙin maganaɗisun lasifika yana sallamawa wajen digiri 450, shi kuwa mai ƙyalli na neodiyam wajen 310, kuma tun daga digiri 80 wasu nau'o'insa ke fara rauni. Garwashin da ake zugawa yana haura digiri 1,000. To, wane irin magani ne wannan?

Dab da matakin zafin da jan ke ɓacewa, ƙwayoyin kan haɗu rukuni-rukuni, manya da ƙanana, su watse, su sake haɗuwa ba tsayawa. Bayanin lissafin wannan kai-komo ne ya ba Kenneth Wilson na Amurka kyautar Nobel a 1982. Abin da ya shafi bakanike shi ne abin da ke biyo baya: idan ƙarfen ya huce, kowane rukuni ya kama gabansa, jan wannan ya kashe jan wancan. Ba zai dawo ba sai an sa shi a na'urar da ke ɗura masa jan da wutar lantarki mai ƙarfi.

Maƙeri kuwa wani aiki yake yi daban. Sama da digiri 727 jerin ƙwayoyin ƙarfensa kan fara sauya tsari, tsomawa a ruwa kuma ta hana su komawa yadda suke, shi ya sa bakin gatari ke tauri. Tauri daban, jan maganaɗisu daban. Haɗa su jahilci ne, ko da wanda ya faɗa ya yi furfura a gareji.

Duka da guduma da tsatsa ma suna rage wa maganaɗisu ƙarfi.

Don haka idan magneton moto ya ƙi fita, a nemo ƙarfen zaro shi, kada a hura masa wuta. Mai walda ya cire duk wani maganaɗisu kafin ya kunna inji, ba bayan ya gama ba. Masu famfon sola kada su bari ya yi ta juyawa ba ruwa, domin zafi na taruwa a cikin injin, ya raunana maganaɗisunsa. Na neodiyam kada a kai shi kusa da wuta ko da wasa, hayaƙinsa na da illa. Mai moto kuma ya tsaya a kan kayansa, ya ce, "Maigida, ban yarda da wuta ba." Maƙeri ne kaɗai ke da riba a nan: ya ɗan taɓa ƙarfensa da ya yi ja a wuta da maganaɗisu ya janye da sauri, in bai kama ba, lokacin tsomawa ya kusa.