Abubuwan da ya kamata ka sani game da Shaihu Umar: so, sadaukarwa da neman mai laifi

Idan aka ce a ambaci wasan kwaikwayo na soyayya mai ƙarewa da hawaye, yawancin masu karatu Romeo da Juliet za su kawo, wasu kuma su tuna Laila da Majnun. Amma Bauchi ma tana da nata, kuma ya fi waɗancan kusa da mu, domin garuruwan da ke cikinsa namu ne, mutanen da suka cuci juna a cikinsa kuma kakanninmu ne. Shi ne Shaihu Umar. Son da ke cikinsa na uwa da ɗa ne, ba na saurayi da budurwa ba, amma tambayoyin da yake tayarwa su ne dai waɗanda ake yi wa kowane labarin so da ya ƙare da mutuwa: wa ya ba da ransa, don me, kuma a wuyan wa alhakin yake?

Wa ya rubuta shi, kuma yaya aka yi ya zama wasa?

Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta shi, tun yana matashin malamin makaranta. An haife shi a 1912 a lardin Bauchi, ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, sannan ya dawo gida ya koyar a Makarantar Midil ta Bauchi. A 1933 hukumar da ke kula da fassara da talifi a Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasa, ta nemi malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga wannan gasa aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin, sai kuma Shaihu Umar, wanda aka buga a 1934. Marubucin bai fi shekara 22 ba a lokacin.

Mervyn Hiskett ya fassara littafin zuwa Turanci a 1967, shekara guda bayan an kashe marubucin a juyin mulkin Janairun 1966 yana Firayim Minista. Daga baya Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975. A 1976 Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa da Hausa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihu Umar.

Me ya faru a labarin?

Wani babban malami ne a Rauta, a ƙasar Bauchi, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, shi kuma ya kwashe labari ya ba su. A Kagara aka haife shi, a ƙarni na 19. Mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta auri Makau, bafaden da Sarki ke ji da shi. Sauran fadawa suka ƙulla masa sharri bayan an dawo daga hari, suka ce ya ɓoye wasu daga cikin bayin da ya kamo. Sarki ya kore shi daga gari, ya je ya zauna a Makarfi.

Kafin matar ta bi mijinta, ta tafi Fatika ganin iyayenta, ta bar yaron a hannun ƙawarta. A bayanta aka sace shi. Ya faɗa daga wannan hannu zuwa wancan har aka kai shi Kano, inda wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi, ya tafi da shi Ber Kufa, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi makaranta har ya zama malami. Ita kuwa uwar ta fita nemansa, aka kama ta a hanya, aka sayar da ita baiwa, aka ƙetare Sahara da ita har Murzuk, a Libiya ta yau. Bayan shekaru Umar ya yi mafarkinta, ya kasa zaune ya kasa tsaye, suka kama hanya shi da Abdulkarim. Ya same ta, amma wahala ta riga ta cinye ta. Ta gan shi, ba ta daɗe ba ta rasu.

Wace ce ta yi sadaukarwar?

Sunan ɗan ne a bangon littafin, kuma shi ne ya ƙare da rawani da almajirai. Amma duk wanda ya karanta da natsuwa zai ga cewa wadda ta biya kuɗin labarin nan ita ce uwar. Umar yaro ne ƙarami lokacin da aka sace shi, bai zaɓi komai ba, ɗaukarsa aka yi ta yi. Ita ce kaɗai a cikin labarin ta tsaya gaban zaɓi biyu ta ɗauki mai tsada. Tana da miji mai jiranta a Makarfi, tana da iyaye a Fatika, kuma ba wanda zai zarge ta in ta yi kukanta ta share hawaye ta ce Allah ya haɗa fuskokinsu da alheri. Mata da yawa a wancan zamani haka suka yi, ba don ba su son 'ya'yansu ba, sai don sun san abin da ke jiran macen da ta fita ita kaɗai a kan hanya. Ita ma ta sani, ta fita.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ba sau ɗaya ta yi wannan sadaukarwa ba. Juliet ta sha maganin barci a dare ɗaya, ta soke kanta da wuƙa a wani daren, duka cikin mako guda. Uwar Umar kuwa shekaru ta yi tana bayarwa: ta ba da 'yancinta, ta ba da aurenta, ta ba da lafiyarta, kuma ko a Murzuk, tana baiwa a ƙasar da ba tata ba, ba ta yi shiru ba, ta kai ƙara gaban alƙali don a sada ta da ɗanta. Wannan so ne da bai nemi mutuwa ba. Rayuwa take nema, ita da ɗanta tare, mutane ne suka tare mata hanya.

A nan wasan kwaikwayo da fim suka yi wa labarin aikin da takarda ba ta iya yi. A littafi, da bakin Umar muke jin komai, kuma dattijon malami ne mai haƙuri, yana ba da labarin masifa cikin kwanciyar murya. A dandali kuwa dole a tsayar da mace a gaban jama'a, a ga an kama ta, a ga ana cinikinta. Mai kallo ba ya iya wuce wurin da sauri yadda mai karatu kan juya shafi.

Ina ya haɗu da Romeo da Juliet?

A kan kora. William Shakespeare ya rubuta wasansa wajen 1595, aka fara buga shi a 1597. A birnin Verona na Italiya gidaje biyu, Montague da Capulet, suna gaba. Romeo ya auri Juliet a ɓoye, tana yarinyar da ba ta cika shekara 14 ba. Ya kashe ɗan'uwanta Tybalt don ɗaukar fansar abokinsa Mercutio, sai mai mulkin gari ya kore shi, ya tafi Mantuwa. Daga wannan kora komai ya warware: iyayen Juliet suka matsa mata ta auri Paris, limamin cocin da ya ɗaura musu aure ya ba ta maganin da zai sa a zaci ta mutu, wasiƙar da za ta bayyana wa Romeo dabarar kuma ba ta isa ba saboda an killace manzon don tsoron annoba.

Haka ma a Kagara. Da ba a kori Makau ba, da uwar ba ta tafi sallamar iyayenta ba, da ba ta bar yaron a hannun kowa ba. A duka labaran biyu hukuncin mai mulki ne ya raba masoya, sauran kuma ya biyo baya. Sai dai akwai bambanci babba: Romeo ya yi kisan da aka kore shi a kansa, Makau kuwa bai yi abin da aka ce ya yi ba.

To, wa ke da laifi?

Masu karatun Shakespeare sun daɗe suna raba laifi tsakanin iyaye masu gaba, da limami mai dabarar da ta fi ƙarfinsa, da gaggawar yaran su kansu. Mu ma ya kamata mu yi wa namu labarin irin wannan bin diddigi, maimakon mu tsaya a kan waɗanda suka fi sauƙin zargi.

Masu sauƙin zargi su ne fadawa. Hassada ce ta sa su, kuma labarin bai ɓoye ba. Amma bafade ba ya korar kowa, faɗa kawai yake yi. Wanda ya yanke hukunci shi ne Sarki, wanda ya san Makau, ya san amanarsa, amma ya bar yawan bakin da suka haɗu a kan magana ɗaya ya tsaya masa a madadin bincike. A ganina laifinsa ya fi nasu nauyi, domin an ba shi kujerar ne don ya tace irin wannan magana. Kuma ba na jin a banza matashin malami daga Bauchi ya gina labarinsa a kan fadar da ba a bincike. Shi ɗin ne dai, a 1950, ya miƙe a Majalisar Arewa ya nemi a yi wa tsarin mulkin En'e garambawul, yana kuka da yadda ake tafiyar da talakawa ba tare da jin ta bakinsu ba. Kafin nan, a shekarun 1940, yana cikin masu wani zaman tattaunawa a Bauchi tare da Sa'adu Zungur da Aminu Kano.

Sai kuma wurin da ya fi wuyar faɗa. Makau mutumin kirki ne, an zalunce shi, muna tausaya masa. Amma a kan me aka yi rigimar? A kan yawan bayin da ya kamo. Ba wanda ya tambaya a fadar nan ko su waye waɗannan mutane, ko suna da uwaye masu kuka a wani ƙauye. Gardamar duka a kan rabon ganima ce. Abin da Makau ya fita ya yi wa 'ya'yan wasu, shi ne aka zo aka yi wa agolansa da matarsa. Haka Abdulkarim. Ya riƙe Umar da amana, ya ba shi ilimi, ba mai musun wannan. Amma abin da ya kawo shi Kano fatauci ne, kuma bayi na cikin hajar. Hanyar da ta kai Umar ga allo da littattafai ita ce ta kai uwarsa ga ƙangi. Labarin ya ajiye waɗannan biyun gefe da gefe bai yi wa kowa huɗuba ba, ya bar mai hankali ya gani.

Kada kuma a ce ai zamanin ne haka, ba wanda ya san laifi ne. Tun wajen 1615 Ahmad Baba na Tumbuktu ya rubuta fatawa a kan haramcin bautar da Musulmi 'ya'ya, ya kuma ambaci Kano da Katsina da Barno cikin ƙasashen da mutanensu Musulmi ne. Uwar Umar 'ya ce, Musulma, matar aure. Ko a ma'aunin malaman wancan zamani, duk wanda ya kama ta da wanda ya saye ta sun ci haram. Kuma lokacin da aka buga littafin, zancen bai zama tsohon tarihi ba. Dokar Lugga ta 1901 'yanta waɗanda aka haifa bayanta kawai ta yi, ba a soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewa ba sai 1936, shekara biyu bayan fitowar Shaihu Umar. Cikin masu karatunsa na farko akwai 'ya'yan waɗanda aka sayar da 'ya'yan waɗanda suka sayar.

Akwai masu ɗora wa uwar wani kaso, wai don me ta bar yaro ta yi tafiya. Wannan zargi ban karɓe shi ba ko kaɗan. Barin yaro wurin maƙwabciya ko ƙawa abu ne da kowace uwa ke yi har gobe. Idan gari ya lalace har yaro ba ya tsira a ƙofar gida, masu garin za a tambaya.

Ƙaddara fa?

Shaihu Umar kansa da haƙuri da tawakkali yake ba da labarinsa, kuma wannan ne ya sa wasu ke rufe littafin su ce ƙaddara ce kawai. Musulmi ba ya musun ƙaddara. Amma imani da ita bai taɓa ɗauke wa azzalumi hisabi ba, in ba haka ba da ba a naɗa alƙalai ba. Haƙurin Umar adonsa ne shi da aka cuta. Ba wanke hannu ba ne ga waɗanda suka cuce shi. Labarin ma ya rarrabe mana abu biyu: guguwar rairayin da ta halaka ayarinsu a hanyar dawowa, Umar ya tsira, wannan ba hannun kowa a ciki. Ƙaryar fadawa, da hukuncin Sarki, da satar yaro, da cinikin uwarsa kuwa, kowanne akwai mutumin da ya tashi da ƙafarsa ya aikata.

Jiki Magayi, wanda ya fito daga gasa ɗaya da shi, ya bi ta wata hanyar. A can Malam Shehu ya yi amfani da dukiya ya raba Abubakar da Zainab, Abubakar ya sha alwashin fansa, fansar kuma ta faɗa kan Kyauta, yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Wanda aka cuta a can ya zama mai cuta. Umar bai zama ba, kuma wannan zaɓi nasa ne shi ma.

Ina fim ɗin yake yanzu?

An nuna shi a bikin FESTAC na 1977, daga nan ya ɓace wa jama'a shekaru da dama, har aka ɗauka ya salwanta. A 2016 aka gano faifansa a wata ma'ajiyar fina-finai ta gwamnati, cibiyar Arsenal ta Jamus ta taimaka aka gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Tsawonsa ya haura awa biyu, kuma da Hausa ake magana a cikinsa. Bauchi na da jami'a mai sunan marubucin, da kabarinsa da baƙi ke ziyarta, da makarantun da ake koyar da adabin Hausa. Ya kamata waɗannan wurare su nemi kwafin da aka gyara su riƙa nuna wa ɗalibai, tare da littafin da wasan, a bar su su yi muhawara a kan Makau da Abdulkarim da Sarkin Kagara.