Yadda Za Ka Gane Robar Allon Ƙwallon Tebur Ta Ƙare

Ɗauki allon da kake buga ƙwallon tebur da shi, ka dubi gefensa da kyau. Katako ne a tsakiya, sai soso, sai roba a sama. Dokar hukumar ƙwallon tebur ta duniya, ITTF, ta ce kaurin soso da roba a haɗe kada ya wuce milimita 4.05. Katakon kan yi shekaru yana aiki, amma soso da roba su ne ke saurin tsufa.

Kowanne da aikinsa. Soso yakan lotsa idan ƙwallo ya sauka, sannan ya cillo shi. Ita kuwa roba kama ƙwallon take yi na ƙiftawar ido, shi ya sa kake iya murza shi ya tafi yana juyawa. Ka san tayar babur ba sai ta fashe take ƙarewa ba. Da zarar zanenta ya cinye ta fara santsi, ta gama aiki. Haka robar nan, kamunta kan mutu tun ba ta yage ba.

To, ta yaya za ka gwada? Fara goge ta da ɗan ruwa, ka bari ta bushe, don sau da yawa ƙura ce kawai ta rufe ta. Sai ka riƙe ƙwallo da yatsu, ka goga shi a hankali kusa da mariƙi, inda bugu bai cika sauka ba. Za ka ji yana turjewa. Yanzu goga shi a tsakiya. In ya sulale ba turjiya, wurin ya mutu. Daga nan karkata allon a gaban haske. Idan tsakiyar ta koɗe, ko ka ga kumburi inda roba ta rabu da soso, babu gyara sai sauyi.

Wasanka ma zai gaya maka. Bugun da a da yake haye raga ya lanƙwaso kan tebur, yanzu sai ya riƙa faɗawa cikin raga. A nan haɗarin yake, domin hannunka zai fara ƙara ƙarfi yana sauya salo don ya cike giɓin, kuma ɗabi'ar da hannu ya koya tana da wuyar bari.

Idan ka sayi sabuwa, liƙa ta da gam na ruwa, domin tun 2008 aka haramta gam mai sinadarai masu tashi a iska. Bayan kowane wasa ka goge ta, ka rufe, ka nisanta ta da rana, don zafi na busar da roba tun lokacinta bai yi ba.