Kaya Sun Iso Dabai, Wa Zai Kwashe Ledar?

Babu shagon da za ka leƙa a Dabai ko cikin garin Zuru ka rasa taliyar leda, biskit, madarar ƙulli, dunƙulen miya, lemon roba da ruwan leda. Masana'antun da ke yin yawancinsu suna Legas da Ogun da Kaduna da Kano, amma nisa bai taɓa hana motocin dillalansu isowa ba. Abin da ba ya komawa shi ne mazubin. An ci an sha, riba ta tafi, leda ta zauna a kwata da juji da gona.

Mutane da yawa ba su san cewa, a ƙa'idar Nijeriya, wannan shara ba ta mai saye kaɗai ba ce. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 don tabbatar da bin dokokin muhalli, ta fitar da tsari a 2014 da ke cewa alhakin kamfani bai ƙare a ƙofar masana'anta ba, yana bin kayansa har bayan an yar da mazubinsu. A kan haka ne wasu manyan kamfanonin abinci da abin sha, irin su Nestlé da Coca-Cola da Seven-Up da Nigerian Breweries, suka kafa ƙungiyar FBRA a 2018 don tattara robobi a sake sarrafa su. Ƙungiyar tana aiki, babu musu, sai dai ƙarfinta ya fi yawa a Legas da manyan birane, inda masu narka roba suke kusa kuma 'yan jarida ke gani.

Alƙawura kam an sha su. A 2018 Coca-Cola ya ce zuwa 2030 zai riƙa karɓo gora ko gwangwani ɗaya a madadin kowane ɗaya da ya sayar. A Disamban 2024 ya rage burin zuwa kashi 70 zuwa 75 cikin ɗari, ya kuma ɗaga wa'adin zuwa 2035. Nestlé ma a 2018 ya ce zuwa 2025 duk mazubansa za su zama masu sake sarrafuwa ko sake amfani, daga baya ya sassauta. Unilever ya yi irin wannan ja da baya a 2024. A duniya baki ɗaya, rahoton ƙungiyar OECD na 2022 ya nuna kashi 9 cikin ɗari kacal na sharar roba ake sake sarrafawa. Nijeriya kuwa ana ƙiyasta tana zubar da kimanin tan miliyan 2.5 a shekara.

Abin da ke raba shara da shara shi ne kuɗi. Gorar lemo da ta ruwa tana da daraja: mata na wanke ta su zuba zoɓo ko kunun aya ko man gyaɗa, 'yan gwangwan kuma na tara ta a awo, a matse, a kai wa masu niƙa ta. Gwangwanin alminiyom ma ba ya kwana a bola. Ledar ruwa tana narkuwa, ana yin wasu ledojin da ita, amma ba ta da nauyi. Sai ka cika buhuna kafin ka sami abin kirki, kuɗin mota daga Zuru zuwa Kano kuma ya cinye ribar. Mafi muni ita ce leda mai ƙyalli ta madara da biskit da kayan shayi. Roba ce iri-iri aka manne da siririn alminiyom don kada iska da danshi su ɓata abin da ke ciki. Raba su yana da wuya da tsada, shi ya sa babu mai sayenta. Ita ce kuwa aka fi sayarwa a karkara, domin mai ƙaramin ƙarfi ƙulli yake saye, ba gwangwani ba. Wato wanda ya fi talauci shi aka bar wa sharar da ta fi wuyar kawarwa.

A ƙasar Zuru wannan ba batun tsabtar titi ba ne kawai. Lelna, mutanen wannan ƙasa, manoma ne na gaske, har aikin golmo, noman da saurayi ke yi wa surukai, ya shaida, kuma juji taki ne tun kaka da kakanni. Yau idan aka kwashe juji aka kai gona, leda ake shimfiɗa wa dawa da masara. Ba ta ruɓewa, tana tare ruwa da saiwa. Akuya da saniya na haɗiye ta saboda ɗanɗanon gishiri da mai, ta dunƙule a tumbi, dabba ta yi ta ramewa ana zargin cuta. A tambayi mahauta abin da suke cirowa. Da damina ta toshe kwalbati, ruwa ya kwanta, sauro ya samu gida. Da rani a cinna mata wuta, ko uwargida ta hura murhu da ita, hayaƙin ya shiga ƙirjin yara.

Idan kamfani ya ce nisa ne ya hana, a tuna masa da kwalba. Shekaru da dama ana sayar da lemo a kwalbar gilashi, mai saye ya ajiye kuɗin kwalba ko ya sha a tsaye ya mayar, motar da ta kawo kiret cike ta koma da fanko. Har ƙauyen da babu kwalta kwalba na dawowa, saboda kamfani na kallon ta a matsayin dukiyarsa. Da aka koma roba sai ɗawainiyar ta sauka daga kansa ta hau kan gari. Jamus ta riƙe wannan dabara ga gorar roba: ana ɗora santi 25 na Yuro a kan kowace, a mayar wa mutum idan ya dawo da ita, kuma sama da kashi 90 cikin ɗari na dawowa.

Hani kaɗai ba ya wadatarwa. Ruwanda ta hana leda a 2008, ta kuma tsaya a kai; Nijar ta yi doka a 2014, amma har yau leda na yawo a kasuwanninta. Kuma ba za a hana ruwan leda a inda famfo ba ya kawo ruwa ba.

Don haka ma'aunin da ya dace a ɗora wa kamfani ba yawan tan ɗin da ya tara a Legas ba ne. A tambaye shi nawa ya sayar a Jihar Kebbi, nawa ya karɓo. Masu gidajen ruwan leda na cikin gari su ma ba su fita ba, su ne ma suka fi sauƙin kamawa, tunda babur ɗinsu na zagaya unguwa kullum. Ƙaramar Hukumar Zuru da masarauta da shugabannin kasuwa suna da ikon zama da manyan dillalai a yanka sharaɗi: a ware wurin tarawa, a sa wa leda da gora farashi ko da kaɗan ne, motar da ta sauke kaya kuma kada ta bar gari sai ta ɗauki abin da aka tara.