Jan Karaban Mai Nauyi: Abin Da Ake Dubawa Kafin Zaɓen Motar Dizal

Duk lokacin hutun bazara a Birtaniya, manyan hanyoyin da suka nufi gaɓar teku kan cika da motoci masu jan karaban, wato ɗakin tafi-da-gidanka mai tayoyi, wanda ke ɗauke da gado da kicin da banɗaki. Iyalai da dama kan fara da ƙarami, daga baya su sauya zuwa babba mai tayoyi huɗu. A nan ne tambaya kan taso: motar gida za ta iya da sabon nauyin, ko kuwa sai an nemi wata?

Mafi yawan masu jan kaya mai nauyi kan karkata ga motar dizal. Dalili shi ne ƙarfin murɗa tayoyi, wanda injin dizal ke bayarwa tun yana juyawa a hankali. Wannan ƙarfi ne ke tayar da mota daga tsaye da kaya a bayanta, shi ne kuma ke haurar da ita tudu ba tare da an ƙona kuloci ba. Injin fetur yakan buƙaci a matsa masa sosai kafin ya kai ga haka, abin da ke ƙara shan mai. Sai dai ƙarfin inji ba shi ne abin dubawa na farko ba. Nauyi ne.

Ƙungiyoyin masu karaban a Birtaniya sun daɗe suna ba sababbin shiga shawarar kada karaban, bayan an loda masa kaya, ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar da ke jansa tana wayam. Wannan shawara ce, ba doka ba, amma tana da tushe. Idan abin da ake ja ya rinjayi mota, iska mai ƙarfi ko wucewar babbar tirela na iya sa shi lilo hagu da dama har ya ƙwace wa direba sitiyari. Bisa wannan lissafi, karaban mai kilo 1,800 na buƙatar motar da ta haura kilo 2,100. Ƙananan motocin gida ba su kai haka ba, shi ya sa ake komawa ga irin su Land Cruiser da Hilux na Toyota, ko Discovery na Land Rover, ko Ranger na Ford, waɗanda wasu nau'o'insu ke da izinin jan kilo 3,500.

Wannan adadi na 3,500 yakan ruɗi mai saye. A jikin mota akwai ɗan allon da kamfani ya rubuta iyakar nauyinta da lodi, da kuma iyakar nauyinta haɗe da abin da take ja. A ɗauka allon ya nuna kilo 3,200 ga motar da lodinta, da kilo 6,000 ga duka biyun. Idan aka cika motar da fasinjoji da kaya har iyakarta, abin da ya rage na ja kilo 2,800 ne kawai. Wanda ya ɗaura mata 3,500 a wannan hali ya karya doka, kuma idan aka yi haɗari kamfanin inshora na iya ƙin biya.

Akwai kuma nauyin da hancin karaban ke dannawa a kan ƙugiyar mota. Yawanci ana so ya kasance tsakanin kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyin karaban, muddin bai wuce abin da ƙugiyar za ta ɗauka ba. Idan ya yi kaɗan, lilo na ƙaruwa. Idan ya yi yawa, gaban mota kan ɗaga, sitiyari da birki su yi rauni. Don haka ake ajiye kaya masu nauyi a ƙasa, daidai kan tayoyi.

Dokar Birtaniya ta fayyace sauran. Duk abin ja da ya wuce kilo 750 dole ya kasance da birkin kansa. Mai jan karaban ba zai wuce mil 60 a awa a babbar hanya ba, wato kusan kilomita 96, ko mil 50 a hanya mai zuwa da dawowa. Daga watan Disamban 2021, mai lasisin ƙaramar mota a Ingila da Scotland da Wales na iya jan har kilo 3,500 ba tare da ƙarin jarrabawa ba.

Dizal ma yana da nasa wahalhalun. Motocin zamani na da matatar hayaƙi a salansa, wadda ke tsabtace kanta idan an yi doguwar tafiya. Motar da ke jan karaban sau uku a shekara, sauran kwanaki kuma tana zirga-zirgar cikin gari, matatarta kan toshe, gyaranta kuwa na da tsada. A Landan, motar dizal da ba ta cika ma'aunin hayaƙi na Euro 6 ba na biyan fam 12.50 a duk ranar da ta fita.

Zancen ya shafi masu sayen motocin Beljiyom a Nijeriya, domin da yawansu kan zo da ƙugiya a baya. Ƙugiyar alama ce cewa wataƙila motar ta sha jan kaya, don haka ya kamata makaniki ya duba kuloci da giya da lagireto da birki kafin a biya kuɗi. Man da ke da sinadarin salfa mai yawa kuma yakan lalata matatar hayaƙi da wuri. Ɗan kasuwar da ke shirin jan janareto ko tankin ruwa, shi ma lissafin da ke kan allon nan ne zai nuna masa iyakarsa.