Me Ya Sa Talaka Ke Goyon Bayan Mai Bulala? Darasi Daga El Salvador

A ƙarshen watan Maris na 2022, 'yan daba suka kashe mutum 87 cikin kwana uku a El Salvador, wata ƙaramar ƙasa mai mutum kusan miliyan 6 a Amurka ta Tsakiya. Ranar 27 ga watan, majalisa ta amince wa Shugaba Nayib Bukele da dokar ta-ɓaci. Daga nan aka kama fiye da mutum 80,000, aka gina katafaren kurkukun CECOT mai cin fursuna 40,000. Masu kare haƙƙin ɗan'adam sun yi ta kuka, amma a zaɓen Fabrairun 2024 jama'a suka mayar da shi kan mulki da kusan kashi 85 cikin 100 na ƙuri'u.

Kafin a zargi jama'ar, a duba irin zaman da suka yi. Ƙungiyoyin daba biyu, MS-13 da Barrio 18, sun raba unguwanni a tsakaninsu. Mai shago da direban bas da mai tallar abinci, kowa sai ya biya su harajin dole, wanda ya ƙi kuwa a bakin ransa. Saurayi ba ya iya zuwa gaida kakarsa idan unguwarta na hannun ɗaya ɓangaren. A 2015, cikin kowane mutum 100,000 an kashe fiye da 100. A 2024, alƙaluman gwamnati sun nuna adadin bai kai 2 ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya fara barci da ido biyu rufe bayan shekara ashirin, da wuya ya saurari maganar tsarin mulki.

Sai dai wannan kwanciyar hankali ba kyauta ta zo ba. Dokar ta ba da damar a tsare mutum har kwana 15 ba a kai shi gaban alƙali ba. An kwashi mutane saboda zane a jiki, ko don wani ya buga waya ya tsegunta su. Bukele da kansa ya ce an saki mutum 8,000 da ba su da laifi, ƙungiyoyin kare haƙƙi kuma sun ƙirga ɗaruruwan da suka mutu a tsare. Akasarinsu daga unguwannin talakawan da ke yi wa Bukele tafi suka fito.

Kuma bulala ba kullum take aiki ba. A 2003 gwamnatin shugaban El Salvador na lokacin, Francisco Flores, ta gwada kamen kan mai uwa da wabi. Sakamakonsa, gidajen yari suka zama hedikwatar 'yan daba, kisa ya ƙaru.

Mutanen Zamfara da Katsina da suka biya 'yan bindiga kuɗi kafin su girbe gonarsu sun san wannan ƙishirwa ta ganin an yi maganin azzalumi. Sun kuma ga yadda kisan da ba shari'a ke haifar da ramuwar gayya. Haƙƙinmu ne mu nemi hukuma ta yi tsanani a kan masu laifi, amma mu riƙa tambaya: wa aka kama, da wace hujja, kuma yaushe za a kai shi kotu? Dokar da ba ta tantance mai laifi da marar laifi, wata rana za ta iya faɗawa kan ɗanka.